Yadda Ake Shiga Shekarar Onas a Nazarin Italiyanci a Jami'o'in Ostireliya

Duk wanda ya yi jami'a a Najeriya ya saba ganin "Hons" manne a jikin digirinsa na shekara huɗu, kamar dai wani ɓangare ne na sunan takardar. A Ostireliya abin ba haka yake ba. Digirin farko a fannin harsuna da adabi shekara uku ne, in ka gama ka karɓi takardarka ka kama gabanka. Onas kuwa, wato "Hons" ɗin, a can shekara ce ta huɗu mai zaman kanta. Sai ka nema, sai an tantance ka, kuma ba kowa ake ɗauka ba. A ma'aunin takardun karatu na ƙasar, digirin farko yana mataki na 7, onas na mataki na 8, digiri na biyu na 9, digirin dakta na 10. Babban abin da ke jan ɗalibai gare ta shi ne, wanda ya fito da sakamako mai kyau yana iya zarcewa digirin dakta kai tsaye ba tare da ya biya ta digiri na biyu ba.

Wani zai ce me ya haɗa Italiyanci da Ostireliya. Ai bayan Yaƙin Duniya na Biyu Italiyawa sun yi ta kwarara can, daga yankunan Kalabariya da Sisili da Veneto, har ƙidayar 2021 ta nuna mutum sama da miliyan 1.1 suna danganta asalinsu da Italiya, kuma kimanin 228,000 da Italiyanci suke magana a gida. Jami'ar Yammacin Ostireliya da ke Perth tun 1929 take koyar da harshen. Akwai shi a jami'o'in Sydney da Melbourne da Monash da Flinders da kuma Jami'ar Ƙasa da ke Canberra. Sai dai sassan Italiyanci ƙanana ne, wani malamansa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma wannan ƙarancin shi ne zai juya kusan duk shawarar da za ka yanke a ƙasa.

Mataki na farko: auna kanka kafin su auna ka

Sharaɗi na farko shi ne Italiyanci ya kasance babban fanninka a digirin farko, ko kuma kana da karatun da jami'ar za ta yarda ya yi daidai da hakan. Na biyu maki. Yawanci ana neman matsakaicin maki 70 cikin 100 a kwasa-kwasan fannin, musamman na shekara ta biyu da ta uku, wasu wuraren kuma su ɗaga zuwa 75. Wasu jami'o'in suna ƙara da cewa kada digirin ya tsufa, a ce ka gama shi cikin shekara biyar da suka wuce. Samun 70 bai sa an ɗauke ka ba, ya dai ba ka damar a duba takardunka.

Abin da ba a rubuta a shafin jami'a ba shi ne ƙarfin karatu. Ga gwajin da za ka yi wa kanka a ɗaki: samo maƙala mai shafi ashirin daga mujallar ilimi ta Italiyanci, ka zauna ka karanta ta a zama ɗaya, sannan ka rufe ta ka rubuta shafi biyu da Italiyanci kan abin da marubucin yake son ya tabbatar da kuma inda hujjarsa ta yi rauni. Idan ka wuni kana buɗe ƙamus, ko passato remoto, wato sigar aikatau ta abin da ya daɗe da wucewa, yana sa ka tuntuɓe, ko kana kauce wa congiuntivo, sigar aikatau ta shakka da fata, duk lokacin da ka zo rubutu, to da saura. A ma'aunin harsuna na Turai, mai matakai shida daga A1 zuwa C2, wanda ke ƙasa da B2 zai sha wahala sosai, wanda ya kusanci C1 shi ne zai samu sukunin yin tunani maimakon fama da nahawu.

Takardun shaidar iya harshe suna taimakawa, musamman ga wanda ya yi digirinsa a wata ƙasa. Akwai CILS ta Jami'ar Baƙi da ke Siena, da CELI ta Jami'ar Baƙi da ke Perugia, da PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri. Amma shaida ce ta harshe kawai, ba ta maye gurbin kwasa-kwasan adabi da tarihi da nazarin harshe da ake so ka riga ka yi.

A nan ina so in yi magana da 'yan'uwanmu da suka zauna a Italiya shekara da shekaru, suka iya harshen a wurin aiki da kasuwa da ofishin takardun zama. Wannan iyawar dukiya ce, kunnenku ya fi na ɗalibin da ya koya a aji nesa ba kusa ba. Amma Italiyancin rubutun ilimi wata duniya ce, jimla ɗaya tana iya cin layi shida. Kada ku raina kanku, kada kuma ku ɗauka kun gama. Idan babu digiri a fannin, ƙofar onas a rufe take tukuna. Wanda yake da digiri a wani fanni na iya yin difloma ta bayan digiri a Italiyanci don ta zame masa gada. Wani kuma abin da ya fi masa sauƙi da arha shi ne ya yi karatunsa a Italiya ɗin kanta, inda digirin farko, laurea triennale, yake shekara uku, na biyu kuma, laurea magistrale, shekara biyu. Jami'ar L'Orientale ta Napoli ma har Hausa ake koyarwa a cikinta.

Mataki na biyu: zaɓi irin onas ɗin

Hanyar da aka fi bi ita ce Italiyanci zalla, cikakken lokaci, daga ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris zuwa Nuwamba. Shekarar kashi biyu ce: kwasa-kwasai na zurfafa ilimi, waɗanda ake yi a ƙaramin aji ana tattaunawa, da kuma kundin bincike. Kundin yakan ɗauki rabin makin shekarar ko fiye, tsawonsa kuma tsakanin kalma 12,000 zuwa 20,000 gwargwadon jami'a. Cikin kwasa-kwasan da wuya ka rasa ɗaya kan dabarun bincike, wanda galibi ake haɗa ku da ɗaliban Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci domin ku kaɗai ba ku cika aji ba.

Akwai onas na haɗin gwiwa, inda za ka haɗa Italiyanci da wani fanni kamar tarihi, ko kimiyyar harshe, ko nazarin finafinai, ko tarihin zane. Sharaɗinsa ka cika ƙa'idar fannonin biyu, kuma sassan biyu su amince. Yana da daɗi ga wanda bincikensa ya faɗa tsakani, amma ka sani malamai biyu za ka gamsar, kuma abin da malamin tarihi yake kira hujja ba lallai ya zama abin da malamin adabi yake nema ba. Ni dai ban ba da shawararsa sai ga wanda tambayarsa ba za ta amsu ba sai da fannonin biyu.

'Yan ƙasa na iya raba karatun zuwa shekara biyu su haɗa da aiki. Mai bizar ɗalibi ba shi da wannan damar, cikakken lokaci zai yi. Wasu jami'o'in suna karɓar ɗalibai a tsakiyar shekara, wato Yuli. Sai maganar zuwa Italiya cikin shekarar: wasu sassan suna barin ɗalibi ya yi zango ɗaya a jami'ar Italiya a ƙirga masa, ko ya je 'yan makonni ya duba takardu a ma'adana. Monash tana da cibiyarta a garin Prato kusa da Firenze tun 2001. Cibiyar ACIS, wadda ke tallafa wa nazarin Italiyanci a Ostireliya da Niyuzilan da gudummawar gidauniyar Cassamarca ta Treviso, tana ba da tallafin tafiya bincike Italiya, sai ka duba sanarwar shekarar ka ga matakin karatun da aka buɗe wa.

Mataki na uku: malami da tambaya

Nan ne gizo ke saƙa. Ba a ɗaukar ɗalibin onas sai akwai malamin da ya yarda zai duba aikinsa, kuma malami ba ya yarda sai batun ya shiga abin da ya sani kuma yana da lokaci a wannan shekarar. A sashen da malamai huɗu ne, ɗaya na iya kasancewa a hutun bincike, ɗaya ya cika da ɗaliban dakta. Saboda haka da malami ake farawa, ba da fom ba.

Tun watan Agusta ko Satumba na shekarar da ta gabata, buɗe shafin sashen ka karanta bayanin kowane malami. Kada ka tsaya a jerin fannonin da ya ce yana sha'awa, nemo maƙala ɗaya da ya wallafa cikin 'yan shekarun nan ka karanta ta har ƙarshe. Sannan ka rubuta wa malamin da ke kula da shirin onas na sashen, shi zai gaya maka wanda yake da sarari. Wasiƙarka ta zama gajera: ga ni, ga inda na yi karatu da makina, ga tambayar da ke damuna cikin jimla uku, ga dalilin da ya sa nake ganin wane ne ya dace. Idan za ka rubuta da Italiyanci, yi amfani da Lei, wato "kai" na girmamawa, ka buɗe da Gentile Professoressa ko Gentile Professore. Malaman can ba su da nisa da ɗalibai, watakila a amsa ta farko ya sa hannu da sunansa na yanka ya ce ka kira shi da shi. Bari shi ya fara sauke girman, kada kai ka fara.

Ita kuwa tambayar, ƙanƙanta ita ce lafiyarta. Wata takwas kake da su, ba shekara uku ba. "Dante da addini" ba batun onas ba ne, mutane sun ƙarar da rayuwarsu a kai tun rasuwar wannan babban mawaƙin Italiya a 1321. Amma yadda masu fassara biyu suka juya baitoci talatin na waƙa guda zuwa Ingilishi, da abin da kowannensu ya zubar a hanya, wannan yana yiwuwa. "Ƙaurar Italiyawa zuwa Ostireliya" teku ce. Amma wasiƙun masu karatu a jaridar Il Globo ta Melbourne, wadda aka kafa a 1959, cikin shekara biyu kacal, wannan rijiya ce da gugarka za ta kai ƙasanta.

Abin da Ostireliya ta fi ko'ina da shi shi ne kayan aiki a bakin ƙofa. Jaridar La Fiamma ta Sydney tana fitowa tun 1947. A unguwar Carlton ta Melbourne akwai gidan tarihi na Museo Italiano da sashen tarihi na Co.As.It., ƙungiyar tallafa wa Italiyawa, da hotuna da wasiƙu da hirarrakin da aka naɗa. Ma'adanar takardu ta ƙasa tana riƙe da fayilolin fursunonin yaƙi Italiyawa kimanin 18,000 da aka kai ƙasar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu aka tura su aikin gona. Rumbun Trove na ɗakin karatu na ƙasa yana da tsofaffin jaridu a intanet kyauta. Ga mai son nazarin harshe kuma, akwai Italiyancin da ya tsiro a can: tsoho zai ce maka ya yi shekara talatin yana aiki a fattoria, kai ka ɗauka gona yake nufi domin haka kalmar take a Italiya, alhali masana'anta yake nufi, ya ɗauko kalmar Ingilishi ya sa mata rigar Italiyanci. Haka carro ta zama mota, fensa ta zama shinge. Bahaushen da ya san yadda muka samu tebur da bokiti zai gane wannan aikin tun kafin a yi masa bayani.

Akwai kuma batutuwan da kai ka fi abokan ajinka kusanci da su. Italiya ta mamaye Libiya a 1911, a daidai lokacin da fataucin Tarabulus zuwa Kano ta Ghat yake ja da baya, ta kuma riƙe Eritiriya da Somaliya, ta auka wa Habasha a 1935. Yau akwai marubuta 'yan asalin Afirka da ke rubutu da Italiyanci, kuma nazarin ayyukansu ya samu gindin zama a jami'o'i. Wanda ya iya Hausa da Larabci ko ajami ya zo da abin da ba kowa ke da shi ba. Sai dai ka tambayi kanka tambaya ɗaya: takardun da nake bukata suna ina? Idan suna babbar ma'adanar gwamnati a Rum, kai kuma ba ka da kuɗin jirgi, ajiye batun don digirin dakta, ka ɗauki wanda kayansa ke hannu.

Mataki na huɗu: takardu

Za a nemi takardar sakamakonka ta dukkan shekaru, da taƙaitaccen tsarin bincike na shafi ɗaya ko biyu, da shaidar cewa malami ya amince. Wani lokaci a ƙara da samfurin rubutunka. Masu son farawa a Maris galibi ana rufe musu nema tsakanin ƙarshen Oktoba da ƙarshen Nuwamba, amma kowace jami'a da ranarta, kuma littafin ƙa'idojin shekarar da za ka shiga shi ne alƙali, ba na bara ba.

Tsarin binciken ya faɗi abu huɗu: tambayar, abin da za ka karanta ko ka saurara don amsa ta, abin da wasu suka riga suka ce, da yadda za ka raba watannin. Ba alkawari ba ne, zai canza. Ana so ne a ga ko ka iya ƙunshe tunani.

Wanda zai zo daga waje yana da ƙarin kaya. Akwai gwajin Ingilishi irin IELTS, inda ake neman 6.5 ko 7 gwargwadon jami'a. Idan an ɗauke ka ka biya kuɗin farko, za a ba ka takardar tabbatar da rajista, da ita za ka nemi bizar ɗalibi mai lamba 500, tare da inshorar lafiya ta ɗaliban waje da shaidar kuɗin zama. Kuɗin neman bizar kansa ya koma dalar Ostireliya 2,000 a Yulin 2025. Kuɗin makaranta a manyan jami'o'in Sydney da Melbourne yana kaiwa dala 40,000 ko fiye a shekara. Bizar ta yarda ka yi aikin awa 48 a kowane mako biyu lokacin karatu, amma kada ka gina lissafinka a kan cewa aikin nan zai biya makaranta. Ba zai biya ba, kuma duk awar da ka ba shi daga kundinka ka yanko ta.

Mataki na biyar: da wane harshe za ka rubuta?

Wasu sassan suna wajabta rubuta kundin da Italiyanci, wasu su bar maka zaɓi, wasu kuma su rage yawan kalmomi ga wanda ya zaɓi Italiyanci. Tambayi wannan tun ganawar farko. Idan burinka koyar da harshen ne, ko aikin fassara, ko ci gaba da karatu a Italiya, rubuta da Italiyanci, wahalar za ta biya ka. Idan burinka digirin dakta ne a ƙasar da ake Ingilishi kuma ka san alƙalaminka ya fi kaifi a Ingilishi, babu abin kunya a zaɓarsa, domin masu gyara tunaninka suke aunawa. Abin da ba shi da kyau shi ne ka rubuta da Ingilishi ka zuba wa na'ura ta juya maka. Malamin da ya yi shekara yana jin Italiyancinka a ofis zai gane muryar ba taka ba ce, kuma wannan laifi ne da ke iya cinye shekarar gaba ɗaya.

Mataki na shida: tafiyar da shekarar

Idan bincikenka ya shafi hira da mutane ko raba musu tambayoyi, dole ka samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a kafin ka kunna rakoda ko sau ɗaya. Duk hirar da ka yi kafin izinin ta tashi a banza, ba za ta shiga kundi ba. Izinin na iya cin makonni da yawa, a dawo maka da fom a ce gyara nan, fassara takardar amincewa zuwa Italiyanci, faɗi inda za ka adana muryoyin. Ba a fafe gora ranar tafiya: fara cika fom ɗin da malaminka a makon farko na Maris, ko ma kafin nan.

Sauran watannin ga yadda na ga sun fi tafiya daidai. Maris da Afrilu karatu da ƙuntata tambaya. Kafin ƙarshen Mayu ka miƙa wa malaminka babi ɗaya, komai muninsa, domin babin da aka rubuta ake gyarawa, wanda ke cikin kai ba ya gyaruwa. Hutun Yuni da Yuli, wanda a can sanyi ne, shi ne zuciyar aikin: babu aji, kuma in za ka je Italiya lokacin ne. Ka tuna a Agusta Italiya takan tsaya cak, ma'adanai da ɗakunan karatu da yawa suna rufewa ko su rage awanni wajen hutun Ferragosto na 15 ga wata. Zuwa farkon Satumba ya kamata cikakken daftari ya kasance a hannun malami. Miƙawa takan faɗo a Oktoba ko farkon Nuwamba.

Kwasa-kwasan su ma maki ne, kada kundi ya sa ka yi musu riƙon sakainar kashi. Dabara ita ce, inda aka ba ka zaɓin batun maƙala, ɗauki wanda zai sa ka karanta abin da kundinka ke bukata, amma kada ka miƙa rubutu ɗaya sau biyu, wannan ma laifi ne a wurinsu.

Gana da malaminka duk mako biyu, ka aika masa rubutu kwana biyu ko uku kafin ganawar. Mu da muka taso da kunyar malami mukan ce "to" alhali ba mu gane ba, ko mu ɓuya in aiki ya tsaya. A can shiru ba ladabi ba ne, ana ɗaukarsa alamar komai lafiya. In ka maƙale, faɗa a makon da ka maƙale. Littattafan da babu su a jami'arka kuma ɗakin karatu zai aro maka daga wata jami'ar, amma wanda za a nemo daga Italiya yana ɗaukar lokaci, don haka jerin bukatunka ya isa gare su tun Afrilu. Tsarin kawo madogara ma ka zaɓi ɗaya tun ranar farko, ka riƙa rubuta lambar shafi duk lokacin da ka kwafo magana.

Mataki na bakwai: gyara da abin da ke biyo baya

Galibi mutum biyu ne ke gyara kundin, kuma malaminka ba ya cikinsu. Idan makinsu ya yi nisa da juna, a kawo na uku. Ba kasafai ake zaman kare kundi a gaban kwamiti kamar yadda muka saba a jami'o'inmu ba, abin da ke kan takarda shi ne zai yi magana a madadinka. Ana haɗa makin kundi da na kwasa-kwasai a fitar da daraja: 80 zuwa sama daraja ta ɗaya, 75 zuwa 79 ta biyu babba, 70 zuwa 74 ta biyu ƙarama, 65 zuwa 69 ta uku, kamar yadda Sydney da Melbourne suke yi.

Mai son digirin dakta yana bukatar daraja ta ɗaya ko ta biyu babba don a ɗauke shi, amma tallafin gwamnati na RTP, wanda ke biyan kuɗin makaranta da na zama, gasa ce mai zafi wadda a aikace masu daraja ta ɗaya suka fi samu. Kuma ana yawan rufe neman tallafin tun kafin sakamakon onas ya fito, na ɗaliban waje ma yakan riga na 'yan ƙasa rufewa. Don haka a ganawarku ta watan Yuli ka gaya wa malaminka kana da niyyar ci gaba, ka roƙe shi ya zama cikin masu rubuta maka takardar shaida, ka kuma ware mako guda a Agusta don rubuta sabon tsarin bincike na dakta.